Kayan Jariri: Yadda Za Ki Zaɓi Abin da Zai Sa Kullum, Daga Asibiti Zuwa Arba'in

Akwati biyu na cika da kaya kafin haihuwata ta fari. Da muka yi arba'in na zauna ina ware su, sai na ga abin da yaron ya sa da gaske bai wuce bes (rigar ciki) shida, obarol (riga haɗe da wando) huɗu, da tsofaffin zannuwan Inna guda uku da suka sha wanki har suka yi laushi ba. Sauran suna nan cikin ledarsu: 'yar kwat mai ɗan laƙaƙƙen wuya, takalma masu ƙara in an taka, wandon jins da ko gwiwarsa bai taɓa shiga ba. Duk na saye su ne da tunanin 'yan barka, ban saye su da tunanin yaron ba.

To wannan shi ne kuskuren da yawancinmu muke yi, musamman a cikin fari. Kayan jariri na yau da kullum aikinsu uku ne: su riƙe masa ɗumin jikinsa daidai, kada su cuci fatarsa, sannan su buɗu da sauri a hannun maijego mai magagin barci da ƙarfe ukun dare. Duk rigar da ta kasa ɗaya daga cikin ukun nan, komai kyanta, ta hoto ce.

Mataki na farko: lissafa watan da za ki haihu

Kafin ki taka kasuwa, ki duba katin awonki ki ga watan da ake sa ran haihuwa, domin kayan jaririn Afrilu daban, na jaririn Janairu daban. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, zafin bazara kan haura digiri 40 da rana. A hunturu kuwa, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, da asuba sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, ga iska mai ƙura da busar da fata. Damina tana da nata hali: ba zafi sosai, amma shanya ba ta bushewa, ga sauro.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ya fi muhimmanci ga jariri fiye da babba shi ne jikinsa bai iya daidaita zafi da sanyi ba tukuna. Fatarsa siririya ce, kitsensa kaɗan, kansa kuma babba ne in aka gwada da sauran jikin, don haka ɗumi na saurin fita ta nan. Ba ya rawar ɗari kamar mu in ya ji sanyi, ba ya kuma iya ture bargo in ya ji zafi. Ɗumin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 36.5 zuwa 37.5, kuma kayan da kika sa masa ne ke taimaka masa ya tsaya a wannan ɗan tsakanin.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a nan mai sauƙi ce: a sa wa jariri abin da ya fi na babba da rufi ɗaya ko biyu, a sa masa hula, musamman a kwanakin farko. Wato in ke riga ɗaya ta ishe ki, shi bes da riga. In ke kin yafa mayafi mai kauri, shi bes, obarol da suwaita. Ki riƙe wannan ma'auni, shi za ki yi ta komawa gare shi.

Mataki na biyu: yadin kafin ado

Auduga. In ba ki riƙe komai daga wannan rubutu ba, ki riƙe wannan. Auduga tana shan gumi, iska tana ratsa ta, tana jure wanki da ruwan zafi, kuma ƙara wanke ta ƙara laushinta. Yadin roba, irin mai santsi da sheƙi da ya cika kasuwa yanzu, yana riƙe gumi a jikin fata, daga nan sai ƙurajen zafi su feso a wuya, hammata da matsematsi. Sau da yawa uwa takan yi ta canza hoda da man shafawa tana neman maganin ƙuraje, alhali rigar ce matsalar.

Matsalar ita ce kowane mai shago zai ce miki kayansa auduga ce zalla. Ga yadda za ki gane da kanki. Ki juya rigar ki duba 'yar takardar da ke ɗinke a gefe, in akwai. Ki nemi inda aka rubuta auduga kashi 100, ko aƙalla kashi 95 da ɗan roba kaɗan don ta riƙa miƙewa. Amma takarda takan yi ƙarya, don haka hannu ya fi. Ki damƙe yadin a tafin hannunki na ɗan lokaci ki saki: auduga takan yamutse, roba kuwa sai ta warware kamar ba a taɓa ta ba. Ki goga shi a kumatunki ko cikin damtsenki, inda fatarki ta fi laushi. Abin da ya ɗan soke ki, shi jariri zai ji shi kamar ƙaya. In kin kai gida kina da shakka, ki ɗiga ruwa a kai. Auduga tana tsotse shi, roba sai ruwan ya tsaya ya gangare. Tsofaffin 'yan kasuwar yadi ta Kantin Kwari a Kano kuma suna da tasu dabarar: a zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana. Na auduga yana cin wuta da warin takarda ya bar toka mai laushi, na roba sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri.

Suwaita da hular ulu suna da amfani a hunturu, amma kada su taɓa fata kai tsaye. A sa bes na auduga a ciki tukuna. Kuma ki kula da irin ulun da gashinsa ke tsigewa, don yana shiga hanci da baki da tsakanin yatsu.

Game da launi, ni na fi son fari da masu haske don kayan ciki. Ba don kyau ba. A kan fari za ki ga launin kashi da fitsari, ki ga in cibi na fitar da ruwa ko jini, ki ga tururuwa ko kuɗin cizo in sun hau. Mai duhu da rini mai yawa yakan zuba a wankin farko, wani ma har ya bar shaida a fatar yaro.

Mataki na uku: duba yadda rigar ke buɗewa

Nan ne ya kamata ki fi ɓata lokaci a shago, don nan ne wahala ko sauƙin watanni uku suke. Jariri sabon haihuwa za a canza masa ƙunzugu sau takwas zuwa goma a yini, ga tumbuɗi, ga fitsarin da ke tsallake komai. Kowace riga ki tambayi kanki: in ya ɓata ta har baya, ta yaya zan cire ta ba tare da na shafa masa a kai ba?

Riga mai buɗewa ta gaba, wadda ake shimfiɗa ta a kwantar da yaro a kai sannan a rufe, ita ce sarauniya a makonnin farko. Wuyan jariri bai tsaya ba, kuma ba ya son a rufe masa fuska, don haka duk abin da ake zurawa ta kai kuka ne. In dole sai mai zurawa, ki zaɓi wadda kafaɗunta suke da ninki biyu, ɗaya kan ɗaya. Mutane da yawa ba su san amfanin wannan ninkin ba: an yi shi ne don wuyan ya buɗe sosai, ta yadda ranar da kashi ya haura baya za ki zame rigar ta ƙasa, ta ƙafafu.

Obarol kuma ki nemi mai maɓallan ɗosawa tun daga wuya har cikin cinyoyi, don ki buɗe ƙasa kawai ki canza ƙunzugu ba sai kin tuɓe shi duka cikin sanyi ba. Ki gwada maɓallan a shago, ki ɓalle ki mayar sau uku. Masu arha sukan fizgo yadin ko su yi tsatsa bayan wanki biyu. Mai zif ya fi sauri da dare, amma ki tabbata akwai ɗan yadi da ya rufe kan zif ɗin a wuya, kuma ki riƙa sa yatsanki a ciki in za ki ja, kada ya cije fata. Maɓalli a baya kuwa ki bar musu kayansu: yaron da ke kwance a bayansa yini guda, a kan maɓallan zai kwana.

Sai maganar cibi. Yakan faɗi tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, wani ya kai uku, kuma abin da yake so shi ne iska da bushewa. Wando mai roba da ke zama daidai kan cibi ba na wannan lokacin ba ne. Ki naɗe bakin famfas ƙasa da shi, ki sa riga sakakkiya a sama. Ɗaure ciki da ƙyalle don cibi ya koma ba ya mayar da komai, sai dai ya riƙe danshi. In a asibiti sun ba ki man cibi na kuloheksidin, wanda hukumomin lafiya a Najeriya suka amince da shi, ki shafa yadda suka ce, ki bar shi ya sha iska kafin ki rufe. Cibi kawai ake shafa wa, kada ya kusanci ido.

Yanzu ki juya rigar ciki waje. Ɗinkin ciki ya zama lafiyayye, ba kauri ba kaifi. Zanen da aka yi da zare a gaba, in bayansa na da ƙaiƙayi, zai goge ƙirji. Takardar wuya ki yanke ta tun daga tushe. Zaren da ya yi saura ki datse shi, musamman cikin safa da ƙafar obarol, don zare ko gashin kai ɗaya yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya datse jini, yaro ya yi ta kuka an rasa dalili. Duk ranar da kuka ya ƙi ƙarewa, cire safa ki duba yatsu na daga cikin abin da za ki fara yi.

Abubuwan da ban yarda da su ba ko kaɗan: igiya a wuya ko a hula, duwatsu da ƙyalƙyali da aka manna da gam, ƙananan maɓallan ado, da ribon mai matse kan 'ya mace. Abin da zai iya ɓallewa zai iya shiga baki. Haka zare ko laya a wuya. Na san wannan magana ce mai nauyi a wasu gidaje, kuma ba kowace matashiya ce za ta iya musu da kakar yaro ba. Amma ana iya lallaɓawa: "Hajiya, a bar masa a gefen shimfiɗa mana, kada ya shaƙe shi cikin barci." Da ladabi ake cin wannan yaƙin.

Mataki na huɗu: girma

Yawancin jarirai ana haifar su da nauyin kilo biyu da rabi zuwa huɗu, tsawonsu wajen santimita 50. Sukan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, su mayar cikin mako biyu, daga nan sai girma kamar ana hura su; kafin wata biyar ko shida sun ninka nauyin haihuwa. Ma'ana kayan da aka rubuta na sabon haihuwa ne, wani yaron mako uku kawai zai yi a ciki, wani ma ba zai shiga ba sam.

Don haka ki sayi kaɗan na sabon haihuwa, ki fi yawaita na wata 0 zuwa 3. In kayan Turai ne, musamman a gwanjo, za ki ga lamba maimakon wata: 50, 56, 62, 68. Tsawon yaron ne a santimita. Lamba 50 da 56 na makonnin farko ne, 62 na wajen wata uku, 68 na wajen wata shida. Kayan da ake kawowa daga Sin sukan fi abin da aka rubuta ƙanƙanta, don haka kada ki dogara da rubutu, ki gwada da tafin hannunki ko ki tafi da riga ɗaya da kika yarda da girmanta. Ki tuna kuma auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko.

Ɗan yalwa ya fi matsi, ana naɗe hannu. Amma yalwar ma da iyaka: rigar da wuyanta ya yi faɗi har tana haurowa fuska cikin barci ba ta da aminci. In yatsunki biyu sun shiga tsakanin wuyan riga da fatarsa cikin sauƙi, daidai ne. In kin cire wando ko safa kin ga shatin roba a fata, sun yi masa kaɗan, ki ajiye wa ƙani.

Mataki na biyar: nawa za ki saya

Wannan ya danganta da ruwa da mai wanki. Wadda ke goyon ciki a gidan iyaye, da ƙanne masu wanki safe da yamma, ba ta buƙatar abin da wadda ke zaune ita kaɗai a bariki tana sayen ruwan garuwa take buƙata. Ga abin da na ga ya isa in ana wanki kullum ko bayan kwana ɗaya: bes na ciki shida zuwa takwas, obarol huɗu zuwa shida, riguna sakakku masu buɗewa ta gaba uku ko huɗu, hula biyu ko uku, safar ƙafa ƙafa huɗu, tawul mai laushi biyu, shawul ɗaya na fita, da zannuwa masu laushi aƙalla shida. In hunturu ne ki ƙara suwaita biyu da bargo marar nauyi. In damina ce ki ƙara rabin adadin a kan komai, don ranar da hadari ya kwana biyu za ki gode wa kanki.

Zannuwan nan kada ki raina su. Tsohuwar atamfa ta auduga da sitatinta ya fita ita ce shimfiɗa, ita ce mayafi, ita ce abin goge tumbuɗi, ita ce abin naɗewa bayan wanka. Sabuwar atamfa kuwa da ƙarfinta da rininta, ki ajiye ta don fitar suna.

Takalmi ba shi da aiki a ƙafar da ba ta taka ƙasa. Safar hannu ma kaɗan ta isa, don hana yaƙushin fuska a kwanakin farko; in kin iya yanke masa farce ki bar hannun a sake, da shi yake laluben nono yana sanin duniya. Kuma ki rage wa kanki saye, don 'yan barka za su kawo kaya, yawancinsu ma masu girma ɗaya. In 'yar'uwa ta tambaye ki me za ta kawo, kada kunya ta hana ki cewa na wata shida.

Mataki na shida: ƙunzugu

Famfas na da sauƙi, ga tsada, kuma tsadar ce ke sa wasu su bar shi a jikin yaro tun safe har azahar don kada a yi asara. Wannan shi ke kawo jan gindi da saɓar fata, musamman a bazara. Nafkin na tawul yana buƙatar wanki, amma fata na shan iska, in dai ba a rufe shi da wandon leda yini guda ba. Abin da na ga ya fi dacewa da aljihu da fata shi ne a haɗa: nafkin ko tsumma mai laushi da rana a gida, famfas da dare da ranar fita. In nafkin za ki dogara da shi, dozin biyu ba su yi yawa ba. Ki bar shi ba komai na ɗan lokaci a kan zani bayan kowane canji. Kuma ki riƙa lura: daga kwana biyar zuwa sama, jaririn da ke samun isasshen nono yana jiƙa ƙunzugu aƙalla sau shida a yini.

Mataki na bakwai: inda za ki saya

A Kano, sababbi suna nan a kasuwar Sabon Gari da shagunan unguwa, yadi kuma a Kantin Kwari. Amma gaskiyar da ba a cika faɗa a gaban mutane ba ita ce, sau da yawa audugar gwanjo ta fi sabon kanti kyau. A Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, in kin dace da ranar da aka fasa dila, za ki samu obarol da bes da ba a sa su sau uku ba, don can ma yaransu saurin girma suke yi. Ki duba hammata da wuya saboda tabo, ki ja robar ki ga ko ta saki, ki ƙirga maɓallai. Kayan yayye da na 'ya'yan 'yan'uwa ma haka, sun riga sun yi laushi.

Akwai kuma hanyar da iyayenmu suka bi, wadda har yanzu tana aiki: ki sayi yadin auduga marar nauyi ki kai wa tela ya ɗinka 'yan riguna sakakku masu buɗewa ta gaba. Ki gaya masa kada ya sa leshi a wuya, kada ya sa roba, ya kwantar da ɗinkin ciki. Don jaririn bazara babu abin da ya kai su.

Mataki na takwas: wanki kafin sawa, da abin da ba a ajiye kaya da shi

Komai sai an wanke kafin ya taɓa jikinsa, sabo ne ko gwanjo. Sabo yana ɗauke da sitati da rini da ƙurar shago, gwanjo kuma da maganin da ake fesa wa dila, wanda shi ne wannan warin da kowa ya sani. Ki yi wannan aiki tun cikin wata na takwas, kafin nauyi ya hana ki. Sabulu marar ƙamshi ya fi garin wanki mai ƙarfi. In da garin za ki yi, ki ɗauraye sau uku har ruwan ya fita garau. Ban da bula, ban da sitati. Nafkin mai kashi a wanke shi daban, da ruwan zafi.

Shanya a kan igiya, cikin rana, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu masu zafi da ke yin ƙwai a kan kaya masu danshi, musamman masu warin fitsari da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsar sai ta shiga fata ta yi kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan, don haka a damina ki goge komai ciki da waje, ki bar shi ya huce kafin ki sa masa.

Sai babban gargaɗi, wanda na fi so ki gaya wa duk wata mai ciki da kika sani: kada kafur ya kusanci kayan jariri. Waɗannan fararen ƙwallayen da muke jefawa cikin akwati saboda kyankyaso da asu, sinadarinsu yana shiga ta fata da numfashi. Yara da yawa a Najeriya, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma ga irin waɗannan kafur yana farfasa ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani, wadda kan iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba za ki gane ɗanki na cikinsu da ido ba. In kayan gado ne da suka daɗe a adaka da kafur, a yi ta wankewa ana shanyawa har warin ya fita gaba ɗaya, in ya ƙi fita a haƙura da su. Naki zannuwan da za ki riƙa ɗaukarsa da su ma haka. In kuma kin ga idonsa ko fatarsa sun yi rawaya, asibiti za ki nufa a ranar.

Turaren wuta ma a yi hankali. Na san ɗakin maijego ba ya cika sai da ƙamshi, amma turara kayan jariri har su riƙe hayaƙi, ko fesa masa turare a riga, yana sa atishawa da toshewar hanci. Ki turara ɗakin lokacin da yake waje, ki buɗe taga kafin a shigo da shi.

Mataki na tara: gane ko ya ji zafi ko sanyi

Mu dai tsoronmu sanyi ne. "Rufe shi kada sanyi ya kama shi" ita ce maganar da maijego za ta ji sau ɗari kafin suna. A hunturu gaskiya ne. Amma na sha ganin jariri a watan Afrilu, ana zufa ana fifita, shi kuwa yana cikin bes, obarol, suwaita, hular ulu, safa, an kuma naɗe shi da shawul. Fuskarsa ta yi ja, ya yi lakwas ya kasa kama nono, ana cewa yaron kirki ne ba ya kuka.

Kada ki auna da tafin hannunsa ko ƙafarsa kawai, waɗannan sukan ɗan yi sanyi ko da yana lafiya. Ki zura hannunki a ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In da ɗumi a bushe, daidai. In da gumi ko zafi, cire rufi ɗaya. In da sanyi, ki ƙara, ko mafi kyau ki tuɓe shi ya rage ƙunzugu da hula, ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata ki lulluɓe ku biyu. Ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye, bai kai kuɗin takalman da na ce ki bari ba. In ya nuna 38 ko fiye a jaririn da bai kai wata uku ba, ko jikinsa ya yi sanyi ya ƙi ɗumama, ko ya ƙi shan nono, wannan ya wuce maganar kaya, a tafi asibiti.

Da dare, a kwantar da shi a bayansa, kan shimfiɗa mai ɗan tauri, cikin gidan sauro. Obarol mai dogon hannu ya fi tarin barguna, don bargo yana iya haurowa ya rufe fuska. In za ki rufa masa, ya tsaya a ƙirji, a cusa gefunan. Matashin kai ba nasa ba ne. Hula a cikin ɗaki mai ɗumi, bayan kwanakin farko, a cire ta lokacin barci. In kina naɗe shi da zani, ki kama hannaye da ƙirji daidai, amma ki bar ƙafafu su iya lanƙwashewa su buɗe kamar na kwaɗo. Miƙe su a ɗaure tamau yana cutar da ƙugu. Da ya fara yunƙurin juyawa a daina naɗewa. Kaskon gawayi kuma a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, don a ɗumama wa maijego da jariri, yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farka ba. Ƙara masa riga ya fi.

In an fara goyo, ki tuna bayanki wuta ne, zanin goyo rufi ne, majanyi rufi ne, hijabi ma rufi ne. Yaron da za a goya a rage masa kaya, kuma a bar fuskarsa a inda iska ke samunta.

Bakwaini da duk wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, nasa hukuncin daban. Sanyi ne babban abokin gabarsa ko a bazara. Abin da asibitoci ke koyarwa shi ne a sa masa ƙunzugu, hula da safa kawai, a ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata yawancin yini. Likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ne suka fara wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970, da kwalaben ɗumama jarirai suka yi musu kaɗan. Mai irin wannan jariri ita ce ke buƙatar riga mai buɗewa ta gaba, kuma uba ko kaka ma suna iya karɓarta su ɗauka.

Jakar asibiti da ranar suna

Jakar ta kasance a shirye tun wata na takwas, kuma maigida ya san inda take. A ciki: zannuwa masu laushi huɗu, don na farko da za a goge shi da shi jiƙewa zai yi a canza wani, hula biyu, bes uku, obarol uku, safa, famfas, tawul da shawul. Ki ƙulle kayan sawar farko a leda ɗaya daban, don wadda ta raka ki kada ta tsaya zazzage jaka ungozoma na jira. Kada ki sa mafi tsada a ciki, kashin farko baƙi ne mai danƙo, ba ya fita da sauƙi. Wankan farko ma shawarar masana ita ce a jinkirta shi zuwa awa 24, don haka goge shi za a yi a sa masa kaya. Ranakun rigakafi kuma, na haihuwa da na mako 6, 10 da 14, ki sa masa abin da damtse da cinya za su fito ba sai an tuɓe shi a layi ba.

Ranar suna kuwa ba zan hana ki kwalliya ba, ni ma na yi. Ki sa masa bes ɗinsa na auduga a ciki, a ɗora shaddar ko leshin a sama, a yi hotuna, gwaggwanni su gani su sa albarka. Yaro zai bi hannu ashirin a ranar, ɗaki cike da mutane da turare, ga sabon aski in an yi masa, don haka ki ajiye hula mai laushi da obarol biyu a kusa da ke, ki kuma sa ƙanwarki ɗaya ta riƙa taɓa ƙeyarsa lokaci lokaci. Da an gama hoto ki karɓe shi ki ce za ki ba shi nono, ki shige ƙurya ki cire masa kayan ado.